Lambun tsakar gida: sauƙin cefane ne ko ƙarin kashe kuɗi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Gidan haya muke a Unguwar Dosa a Kaduna, tsakar gidan duk siminti ne, sai ɗan wuri a jikin katanga. Kayan miya sun sha mini kai, kullum kuɗin cefane a tumatir da tattasai yake ƙarewa. Ina so in shuka su a buhu kamar yadda nake gani ana yi, kafin damina ta sauka. Maigidan ya ce kuɗin ruwan da zan zuba musu sai ya fi kuɗin tumatirin. Abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, ba na so in zuba shi inda ba zai dawo ba. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Hajiya, maganar maigidanki abin dubawa ce. Mu nan Rigasa ruwa saye muke yi a hannun 'yan ga-ruwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ruwan ya ƙara kuɗi, don yawancin masu burtsatse da janareto suke jawo shi. Ga kuma abin da masu bidiyon shuka a buhu ba sa faɗa. Lokacin da tumatir yake yin kyau, wato hunturu, shi ne lokacin da yake araha. Ki leƙa kasuwar Bakin Dogo a Janairu ko Fabrairu ki ga kwanduna. Lokacin da yake tsada kuwa, daga Mayu zuwa Yuli, ko manoman da suka gaji abin fama suke yi da shi. To ina ribar?

Hajiya Goggo: Baban Walid bai yi ƙarya ba a kan tumatir, amma ai lambu ba tumatir kaɗai ba ne. 'Yata, ki ajiye maganar tumatir tukuna. Duk wadda ta fara da shi, ita ce za ki ji ta ce lambu wahala ne ta daina. Shuka ce mai shagwaɓa, zafi ya yi yawa fure ya zube, ruwa ya yi yawa ganye ya ƙone.

Ki fara da ganye. Alayyafo in kika watsa iri, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, kuma in kika yanki saman kika bar gindin, zai sake tofowa. Yakuwa da rama da lalo a damina kusan ba ruwansu da ke. Kuɓewa wajen wata biyu ta fara ba ki 'ya'ya, kuma kullum ki tsinka kullum ta ƙara. Zogale ko sisi ba za ki kashe ba, reshe za ki roƙa a maƙwabta ki kafa. Haka shuwaka, haka na'a-na'a. Daddoya kuma gindi ɗaya ya ishi gida.

Abin da ya sa na nace a kan ganye shi ne, na kasuwa in kin saya yau gobe ya yanƙwane, ga wutar da ba ta zama balle a ce firji. Na gida kuwa daidai miyar yau za ki yanka, sauran yana nan yana jiranki. Sannan kin san ruwan da ya sha. Wasu lambunan bakin rafi na cikin gari da ruwan kwata ake ba su, mu kuma mu kawo wa yara.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri Goggo. To ƙasar fa? Ko ta bayan gida zan ɗebo kawai in cika buhu?

Tsohon Malamin Gona: A'a 'yar uwa, nan ne yawancin mutane suke yin asara. Jar ƙasar nan tamu ta Kaduna in aka danna ta cikin buhu ita kaɗai, ta sha ruwa ta bushe, ƙanƙamewa take yi, saiwa ba ta samun hanya. Haɗi za ki yi: ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi ko buntun shinkafa kashi ɗaya. Buntu a wurin masu injin casar shinkafa ake samu, sau da yawa ma neman mai kwashewa suke yi. Ki cakuɗa sosai kafin ki zuba.

Buhun shinkafa mai kilo 50 ko na abincin kaji ya isa. In na siminti ne a wanke shi tas. Ki naɗe bakinsa ya tsaya kamar tsayin gwiwa, ki huda ƙasansa da gefensa wurare da dama don ruwa ya riƙa fita, ki ɗora shi a kan duwatsu ko fasasshen bulo, kada ya zauna cikin ruwa. Tsohon bokiti da fasasshen baho da jarkar da aka yanke duk suna yi, har sun fi buhu daɗewa, don rana tana cinye buhu. Amma kada a taɓa abin da aka zuba man inji ko maganin feshi a ciki.

Kada ki cunkusa. Kuɓewa gindi biyu a buhu, attarugu ko tattasai ɗaya, alayyafo ne kawai ake watsawa, shi ma in ya tsiro a rage.

Kafin ki sayi komai, ki yi abu ɗaya da ba ya cin kuɗi: ki lura da wurin nan na jikin katanga daga safe zuwa yamma. In rana tana samunsa kamar awa shida, komai zai yi. In ba ta kai ba, ki tsaya a ganye, kada ki wahalar da kanki da masu 'ya'ya.

Sadiya Kawo: Baba, maƙwabcinmu yana kiwon kaji, kullum yana neman inda zai zubar da kashin. In kwaso in zuba kai tsaye?

Tsohon Malamin Gona: Ki kwaso, amma kada ki zuba ɗanye. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kuma ga ganyen da za a yi kwaɗo da shi akwai haɗarin ciwon ciki. Ki tara shi a lungu, ki haɗa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, ki yayyafa ruwa, ki rufe da tsohon buhu, ki riƙa juyawa. Wata biyu zuwa uku ya ruɓe. Alamarsa ya yi baƙi, warin ya tafi, in kin sa hannu ciki ba zafi. Kashin awaki da tumaki ya fi sanyi. Na shanu ana samu a Zango, yana da kyau, sai dai yana zuwa da irin ciyawa, kuma in bai ruɓe ba yana kiran gara. Wanda zai shuka a watan Mayu ya nemi wanda ya riga ya kwana biyu a tare.

Ina roƙon jama'a abu ɗaya: a daina ɗebo ƙasar bola. Na san baƙa ce, shuka tana haukan girma a kanta. Amma bolar yanzu ba ta da ba ce, ga batir, ga leda, ga allurai, ga abin da ba a sani ba. Ganye yana zuƙar wasu daga ciki.

Abba Tudun Wada: Ni fa ban ga dalilin duk wannan jiran ba. Kofi ɗaya na takin zamani a wurin masu awo ya ishi buhu goma, sati ɗaya ka ga ganye ya yi shar.

Tsohon Malamin Gona: Ba na gaba da takin zamani, Abba. In ka samu NPK 15-15-15, cikin murfin gora ɗaya a buhu, ka binne shi nesa da gindin shuka kamar tsawon yatsa, ka zuba ruwa. Sai dai shi abinci yake bayarwa, ba ya gyara ƙasa. Takin gargajiya shi ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa, kuma ruwa shi ne abin da ake kuka da shi a nan. Yuriya kuma in ta yi yawa a kan tumatir ko kuɓewa, ganye za ka tara, 'ya'ya su ƙi zuwa.

Baban Walid: Yauwa, mun dawo kan maganata. Malam, ka yi mana lissafi tsakani da Allah. Buhu goma a watan Maris, ruwa nawa za su sha a rana?

Tsohon Malamin Gona: A tsakiyar zafi, buhu mai babbar shuka zai iya shan lita biyu ko fiye a rana. Goma ke nan kusan jarka guda kullum. Wanda yake sayen ruwa, in ya yi haka don tumatir, ya faɗi. Ban musa maka ba.

Amma shekara ba Maris ba ce kaɗai. A Kaduna daga Mayu zuwa Oktoba Allah ne yake ban ruwa, wata shida cur. Mai ƙaramin ƙarfi ya cika wurinsa da shuka a lokacin. In rani ya shigo ya rage, ya bar daidai abin da ruwan da gida yake zubarwa zai iya riƙewa. Ya rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu, ya yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba.

Hajiya Goggo: Ruwan da gida yake zubarwa kuma ba kaɗan ba ne. Ki ajiye baho a wurin alwala. Gidan mutum biyar, salla biyar, ki duba abin da zai taru kafin isha'i. Ga ruwan wanke shinkafa, ga na wanke kayan miya, ga na gasara. Da wannan nake riƙe zogalena da daddoya da 'yan buhunan alayyafo har rani ya fita. Wanda ba na zubawa shi ne ruwan omo da na bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Ƙasar buhu kaɗan ce, gishiri in ya taru ba shi da wurin zuwa.

Baban Walid: Na yarda da wannan a kan ganye. A kan tumatir ina nan a kan bakana.

Anti Rifkatu Barnawa: Ni kam ina yin tumatir a damina kuma yana yi mini. A ƙarƙashin bakin kwano nake jera bokitan, inda rana take samunsu amma ruwan sama ba ya dukansu kai tsaye. Ina kafa sanda in ɗaure, in cire ganyen ƙasa kada ya taɓa ƙasa. Ba kwando nake samu ba, amma ranar da 'yan ƙwayoyi suke tsada a kasuwa, in tsinki huɗu a ƙofar ɗakina, ba ƙaramin abu ba ne. Ugu ma yana yi sosai in ka ba shi igiya ya hau katanga, bai cin wuri.

Abba Tudun Wada: Iri fa ba sai an saya ba. Ka matse nunannen tumatir na kasuwa, ka shanya 'ya'yan, shi ke nan.

Tsohon Malamin Gona: Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ba ka kunya. Tumatir da yawa na kasuwa yanzu daga irin haɗi yake, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin fakiti. 'Ya'yansa in ka sake shukawa ba sa fitowa kamar uwar, wani ya yi ƙanana, wani ya ƙi 'ya'ya. Irin su Roma VF da UC82B su ne ake iya ajiye irinsu shekara bayan shekara. Alayyafo, yakuwa, rama, kuɓewa, waɗannan ka bar gindi ɗaya mai lafiya ya ƙosa ya bushe, ka gama sayen iri. Attarugu ma ana cirewa daga nunanne.

In za a sayi na fakiti a duba ranar ƙarewarsa, kuma kada a sayi wanda ya wuni a rana a kan tire. Fakiti ɗaya ya fi ƙarfin gida ɗaya, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku raba. Gwajin iri kuma ba wuya: ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a duba bayan 'yan kwanaki. In bakwai ko takwas sun tsiro, irin yana da rai. Tumatir da tattasai da attarugu reno ake yi a wani tsohon kwano, bayan sati uku zuwa huɗu a dasa tumatir da yamma, su barkono sun fi haka jinkiri. Kuɓewa da karas ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su.

Maman Hanifa: Ƙwari fa? Ina jin tsoron sharon ɗin nan da ake faɗa.

Abba Tudun Wada: Anti, maganin kyankyasai ɗin nan mai ƙarfi da ake sayarwa a ƙaramar kwalba, ki ɗiga kaɗan a ruwa ki fesa, ko tururuwa ba za ta rage ba.

Nas Bilkisu: Abba, don girman Allah ka janye wannan maganar. A asibiti nake aiki, na san abin da gubar nan take yi wa jiki, musamman na yara. Alayyafon da za a yanka jibi a dafa, a tsakar gidan da yara suke rarrafe, shi za a fesa wa wannan? Ko magungunan da aka yi don gona suna da kwanakin da ake jira kafin a ci, a rubuce yake a jikin kwalba. Wanda zai shuka abinci don ya huta da tsada, bai kamata ya ƙare da sayen ƙarin ruwa a asibiti ba. Kuma kada wanda ya ajiye irin wannan a gorar lemo.

Tsohon Malamin Gona: Nas ta gama magana. Sharon tsutsa ce ta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi, Tuta absoluta. Ita ce ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Cikin ganye take shiga ta yi rami, shi ya sa feshi ma ba ya cika samunta. Mai buhu biyar yana da abin da mai hekta ba shi da shi: ido da hannu. Ki duba ƙarƙashin ganye kowace safiya, wanda kika ga ya yi farin tabo kamar an kankare cikinsa ki tsinke ki ƙona.

Darɓa da farin ƙuda kuwa darbejiya ta ishe su, ga ta nan ko'ina a gari. Ki daka busassun 'ya'yanta kamar cikin hannu biyu, ki jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, ki tace, ki narka ɗan sabulu kaɗan, ki fesa da yamma har ƙasan ganye, ki maimaita duk sati. In kuma kin ga tumatir ya yanƙwane farat ɗaya alhali ganyensa kore ne kuma ƙasa da danshi, cuta ce a cikin ƙasa, ba ta da magani. Ki tumɓuke, kada ki sake sa tumatir ko tattasai ko gauta a wannan ƙasar, dangi ɗaya ne.

Sadiya Kawo: Mu namu ƙwarin masu ƙafa biyu ne da masu huɗu, kaji da awakin maƙwabta, ga ƙadangaru suna cinye tsiro.

Hajiya Goggo: Tsohon gidan sauro wanda ya yage, ki kafa sanduna huɗu ki zagaye. Akuya dai sai ƙofa a rufe.

Maman Hanifa: Ina kuma sha'awar kayan marmari saboda yara. Mangwaro ko lemo?

Alhaji Mai Gidaje: Bari in sa baki a matsayina na mai ba da haya. 'Yata, kada ki dasa bishiya a gidan da ba naki ba sai kin nemi izini. Saiwar mangwaro tana fasa siminti, tana bin danshi har cikin ramin masai. Buhu ma a matsar da shi daga jikin katanga kamar taku ɗaya, don danshi yana cin filasta, kuma kada a bar ruwa ya kwanta ya tara sauro. Wanda ya kiyaye wannan, ni murna nake in shiga gidana in ga kore. Abin da ke haɗa mu faɗa da 'yan haya shi ne a yi ba a faɗa ba.

Tsohon Malamin Gona: Gaskiya ne Alhaji. Ga ɗan haya, gwanda ta fi. Cikin shekara guda take fara 'ya'ya, saiwarta ba ta da ɓarna, irinta kuma yana cikin wadda kika saya kika sha. Ki shuka uku ko huɗu, don akwai namiji, shi ne mai ƙananan furanni a dogon sili, ba ya 'ya'ya. In sun yi fure ki bar matan, namiji ɗaya ya isa ko da a maƙwabta yake. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, a watan Agusta nan take ruɓewa. Tunda tsakar gidanki siminti ne, sai rabin duro, 'ya'yan ba za su kai na ƙasa ba. Lemun tsami ma yana zama a duro, in kin tashi ki tafi da abinki.

Mai gidan kansa ya sayi mangwaro ko lemo mai aure a wurin masu renon itatuwa na bakin titi, wajen shekara uku ya fara ci, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka. Ya duba tabon auren a jikin dashen kafin ya biya. Inabi ma yana yi a jihar nan, garin Kudan shaida ne, amma yana son rumfa da iya aski, ba na mai farawa ba ne.

Baban Walid: Gwaibar gidanmu yaran unguwa ne suke shanye ta tun tana ɗanya.

Ustaz Kabala: Ba ta faɗi ƙasa banza ba, Baban Walid. Ya inganta a hadisi cewa musulmin da ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce a gare shi.

Baban Walid: Haka ne Ustaz, Allah Ya karɓa. To ga tawa shawarar ga Maman Hanifa, tunda ni na fara kushewa. Ta shuka ganye da kuɓewa da attarugu da damina kamar yadda Goggo ta ce. Tumatir da tattasai kuwa ta jira hunturu, su haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi kwando lokacin araha, ta yanka ta shanya kauɗa. Iskar hunturu busarwa take yi da sauri. In Mayu ta zo sai ta jiƙa abinta.

Hajiya Goggo: Wannan shawara ce ta mai hankali. Amma a shanya a kan tabarma ko tire a sama, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, ba a ƙasa ba. Sai ya bushe ƙayau kafin a ɗaure, in ba haka ba zai yi fumfuna. Kuɓewar da ta yi yawa a Satumba ita ma a yanka a shanya. Zogale kuma a inuwa ake busar da shi, rana tana kashe masa launi. Ki riƙa sare kansa in ya kai tsayin ƙirji don ya yi rassa, in kin bar shi zai miƙe ya fi ƙarfin hannunki.

Anti Rifkatu Barnawa: Duk da haka ki bar bokiti biyu na tumatir, 'yar uwa, ki gwada hannunki. In kina so ki ga yadda yake yi ba wahala, ki yi reno a Oktoba ki dasa a Nuwamba. Lokacin ne kuma na latas da kabeji da karas.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba, tambaya ta ƙarshe: in damina ta wuce, ƙasar buhun zubarwa ake yi ko ana sake amfani da ita?

Tsohon Malamin Gona: Ba a zubarwa sai wadda cuta ta kama. Ki juye ta, ki tsince tsofaffin saiwoyi, in kin ga sun yi ƙulle-ƙulle kamar ƙurji to akwai tsutsar saiwa, ki baza ƙasar a rana ta gasu sosai. Ki ƙara mata ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya cikin huɗu, ki mayar. Sai ki sauya shuka: inda attarugu ya zauna ki sa yakuwa ko wake, inda ganye ya zauna ki sa attarugu.